Mutumin da Yake Alwala Sau Biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Ummaru makwancinsa a Kebbe. Da damina ne, kuma na tuna laka ta riƙe mashin ɗin da ya ɗauko ni daga Tambuwal har sai da na sauka na ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, kowace shekara kuma nakan sami uzuri mai kyau. Malamin makaranta ba ya rasa uzuri. Rabin aikinmu sauraron na ɗalibai ne, saboda haka muna da su iri-iri a ajiye. Bana dai nawa sun ƙare, kuma ɗiyarsa ce ta ƙarar da su.

Mutanen Kebbe sun san shi a matsayin malamin gona, mai tsohon mashin da buta ɗaure a bayansa. Amma in ka ce Ummaru malamin gona, sai an tambaye ka wanne. In ka ce Ummaru Waswasi, ko a kasuwa za a nuna maka ƙofar gidansa. Mai waswasi, kamar yadda kowa ya sani, shi ne wanda shakka ta addaba a ibada: ya wanke fuska, ya kai ƙafa, ya dawo yana tambayar kansa ko ya wanke fuska. Ni na raɗa masa wannan suna. Kuma Ummaru bai taɓa yin waswasi ba, ko sau ɗaya.

A jami'a muka haɗu, ɗaki ɗaya, shi gadon ƙasa ni na sama. Harabar a wancan zamani fili ce fetal. Daga masaukin ɗalibai zuwa masallaci ba ka da inuwa sai taka, ita ma da azahar takan shige ƙarƙashin ƙafarka ta ɓuya. Mu 'yan kaɗan muka kafa ƙungiyar dashen itatuwa. Aka zaɓe ni sakatare saboda ina da rubutu mai kyau da Turanci mai nauyi. Na rubuta wa ƙungiya tsarin mulki mai sassa da ƙananan sassa, na ƙirƙiro mata take, na aika wasiƙu ofis-ofis har aka ba mu dashen dogonyaro. Da damina muka dasa. Kafin bazara ta kai tsakiya duk sun bushe, sai tsarin mulkin ne ya rage da ransa.

Ba lalaci ya kashe su ba, ruwa ne. Da bazara famfo sai ya ga dama yake kawowa, kuma in ya kawo, layin bokitai ya kai inda ido ya tsaya. Wani ɗan ƙungiyarmu ya taɓa cika bokiti ya nufi dashe da shi, saura kaɗan a yi masa duka. Mutane ba su yi wanka kwana biyu ba, shi yana shayar da itace. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

A taron da muka yi don binne ƙungiyar cikin mutunci, ina tsakiyar karanta dalilai, Ummaru ya ɗaga hannu. Ba mai yawan magana ba ne, kuma Hausar gidansu yake yi ko a gaban wa.

"Dakata, Sakatare. Wa ka hana mutum ruwan alwala?"

Muka ce babu.

"To kowa shi ɗauki icce guda. In za ka alwala, cika butarka, tai gindinshi ka yi. Salla biyar, buta biyar. Icce mi shika so da ya wuce hakanan?"

Shi ke nan dabarar. Ba tanki, ba wasiƙa, ba roƙon kowa. Ruwan da dā yake bin siminti ya ɓace a kwata, shi ne zai sauka a gindin dashe, kuma duk zafin layin famfo ba wanda zai buɗe baki ya hana Musulmi cika buta. Da damina ta dawo muka sake dasawa, jere biyu, a bakin hanyar masallaci. Kowane dashe aka kafa masa ɗan gwangwani da sunan mai shi. Ɗalibai mata suka dasa nasu bayan masaukinsu, kuma in za a faɗi gaskiya nasu sun fi namu rayuwa. Ni kuma, don kada a ce sakatare bai kawo komai ba, na ƙara sashe guda a tsarin mulki: duk wanda dashensa ya yi yaushi, za a karanta sunansa a gaban taro. Mai karantawa kuwa ni ne.

Dashena yana maƙwabtaka da na Ummaru, taku uku tsakani. Na yi alwala a gindinsa kamar mako guda. Daga nan na gano wasu matsaloli da ban hango ba. Hanyar nan ita kowa ke bi zuwa ɗakunan karatu. Ni kuma a lokacin ina da shadda biyu da nake gogewa har su yi ƙara, akwai kuma wata ɗaliba mai karatun lauya da nake so ta ɗauke ni mutum mai makoma. Mutum mai makoma, a ganina, ba ya tsugunawa bakin hanya yana shaƙa ruwa yana fyacewa, laka tana fallatsar masa wando. Sai na koma simintin masallaci, na gaya wa kaina cewa aikin alƙalami ma ban ruwa ne ta wata fuska. Wanda ya yi karatu ba ya rasa sunan da zai ba ragwancinsa.

Abin mamaki, dashena bai yi yaushi ba. Tohowa ma yake yi. Har na fara cewa hannuna yana da albarka.

A kwanakin ne aka lura da wani hali na Ummaru. Zai tsuguna ya yi alwala cikakkiya, ya miƙe, ya ɗan matsa, ya sake tsugunawa ya faro daga wanke hannu. Wata rana a wurin cin abinci aka tayar da zancen, ni kuwa ba na barin dariya ta wuce ban sa hannu ba. Na ce ai Ummaru kafin ya kai ƙafar hagu ya manta ko yana da fuska, wannan shi ne waswasi mai digiri. Aka yi dariya har wani ya ƙware. Kafin mako ya ƙare sunan ya zauna.

Abu ɗaya zan faɗa don kare kaina, daga shi ba ni da wani: ranar da na yi wannan ba'a ban sani ba. Ban taɓa duba inda yake matsawa ba. Amma bayan 'yan makonni, ina fitowa daga laburare da la'asar, na hango shi ya gama ta farko. Ya miƙe, ya yi taku uku, ya tsuguna. A gabansa gwangwani ne, kuma rubutun da ke jikinsa na gane shi tun daga nesa, don ba wanda ke lanƙwasa harafi haka sai ni. Ba zai iya tuttula ruwan kawai ba. Masu layin famfo za su ce ɓarna ce, 'yan ƙungiya kuma za su tambayi ina mai dashen. Alwala kuwa ba mai tambaya. Na tsaya da littattafai a hammata. Ya ɗago, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, ya ga na gani.

"Sakatare, an kusa tada salla," ya ce.

Na ce to. Muka tafi masallaci tare, muna zancen jarrabawa.

A taro na gaba na miƙe na karanta sunayen waɗanda dashensu ya yi yaushi, da murya irin ta alƙali, har na ƙara da ɗan wa'azi a kan riƙon amana. Ummaru yana zaune a gaba yana kallon yatsun ƙafarsa. Wani ustazu a cikinmu, mutumin kirki, ya taɓa jan sa gefe ya yi masa nasiha cewa maimaita alwala ba dalili ƙofa ce ta Shaiɗan, ya rubuta masa addu'a a takarda. Ummaru ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ina wurin. Shekara biyu da wani abu ya yi yana alwala goma a yini, ni kuma na gama jami'a da takardar yabo a kan hidimar muhalli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗalibar lauyan, don cikar labari, wani ta aura.

Da a jami'a sunan ya tsaya, da na ce ƙuruciya ce. Amma suna ba ya biyan kuɗin mota. 'Yan garinsu da muka yi karatu tare suka kai shi Kebbe, ya riga shi isa. Bayan shekaru, limamin masallacin unguwarsu ya tsufa, aka nemi wanda zai riƙa jan salla in ba ya nan. Duk unguwar ba wanda ya kai Ummaru karatu. Sai wani dattijo ya ce mai waswasi ba ya shiga gaba, kada ya bar mutane a tsaye yana lissafin raka'a. Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya ji ne. Aka ba wani. Labarin ya same ni a Tambuwal. Tsakanina da Kebbe tafiyar da ba ta cinye hantsi ba ce, kuma jimla biyu za su wadatar. Ban je ba.

Sau ɗaya na kusanci zancen. Ya shigo Tambuwal ranar kasuwa ya biyo ta gidana, muna shan fura a zaure, na ce, "Ummaru, sunan nan fa..."

"Bar shi, Sakatare," ya ce. "Da anka karanta sunanka, wa za shi karanta na saura? Ƙungiya ta watse, icce ya mutu. Shi icce bai tambayi butar wa ba."

Na karɓi wannan magana da saurin ɗalibin da aka ce masa an ɗage jarrabawa. Sai daga baya na lura cewa amsar tambayar jami'a ya ba ni. Ta masallaci ban yi ba, shi ma bai tayar ba. Har ya koma ga Allah a sahu na biyu yake salla, bayan mutumin da shi ya gyara wa karatu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi kamar masu jiran mota. Zai ga dajin da muke ratsawa in za mu Kebbe ya yi sanƙo, wurin da dā sai ka sunkuya a kan mashin yanzu sai ka sa hula don rana. Ba na jin zai zagi masu gawayi. Ya san tukunya ba ta dahuwa da nasiha. Abin da nake tsoro shi ne ya biyo ta makarantar da nake shugabanta.

Muna da ranar dashen itatuwa a makarantarmu, ni na kawo ta. Kowace damina mukan gayyato babban baƙo, a shimfiɗa masa darduma don kada gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya sa dashe a rami, a ɗauki hoto, ni kuma in yi jawabi a kan yadda muka kafa ƙungiya a jami'a. Bayan nan awaki su ɗauki rabonsu, rani ya ƙarasa saura. Shekara ta zagayo mu koma ramukan nan dai, don sun riga sun yi laushi, ba su da wuyar tonawa. Maigadinmu yana kiransu ramukan baƙi. Ɗalibaina ɗaruruwa ne, kullum suna alwalar azahar a kan siminti, ruwan yana gangarawa bayan katanga, taku kaɗan daga ramukan. Shekaru ina wucewa ta wurin. Na san dabarar da za ta raya su fiye da kowa a garin nan, amma duk sanda na tuna ta sai in tuna gwangwani, sai in ga gara a sake gayyato baƙo. Ummaru ba zai yi mini faɗa ba. Zai duba ramukan, ya duba famfo, ya ce, "Sakatare, ina butoci?" Na fi son faɗa.

Akwai kuma abin da zai faranta masa. Ɗiyarsa Balkisu, wadda ya bari tana 'yar shekara tara, yanzu tana karatun gandun daji a jami'ar da muka yi, kuma tana cikin shugabannin ƙungiyar da na ɗauka ta mutu tuntuni. Mu tsofaffi muna son cewa yaran yanzu sai waya da hoto. Suna ɗaukar hoton, ba ƙarya. Amma na ga sun haƙa 'yar magudana daga wurin alwalar masallaci zuwa inda suke renon dashe, na ga suna tsince ledojin ruwa suna cika su da ƙasa suna shuka iri a ciki. Tsarin mulkina ba wanda ya san inda yake. Dabarar buta kuwa tana nan, ta ma yi 'ya'ya.

Ita ta gayyace ni in yi musu jawabi a farkon daminar nan, a matsayin wanda ya kafa ƙungiya. Na hau bas na tafi. Na yi magana mai tsawo, na ambaci mahaifinta a jimla ɗaya, na ce mutum ne mai ƙwazo. Da aka tashi ta ce in zo in ga jeren namu. Hanyar masallaci yanzu rumfa ce tun daga farko har ƙarshe. Gwangwanayen sun daɗe da ruɓewa, amma ɗalibai sun gāji sunayen wasu itatuwan da baki. Ta nuna mini biyu da rassansu suka sarƙe har ba ka gane na wane ne. Wannan na Baba, wannan na Sakatare. A ƙarƙashinsu wasu na bitar karatu, wata mata na sayar da awara.

Muna tsaye sai ta rage murya.

"Baffa, in tambaye ka wani abu?"

"Tambayi, ɗiyata."

"Sunan ga da aka kiran Baba da shi. Gaskiya shina da abin? Don ni ma wani lokaci in na gama alwala sai in ji kamar ban cika ba, in sake. Inna ta ce in bar damuwa, wai gado na."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji masu magana. Ni na ɓoye. Ina tsaye a inuwar itacen da ubanta ya tsuguna ya shayar alhali sunana ne a jikinsa, na dubi yarinyar da ƙaryata ta fara zama mata cuta, na ce kowane ɗan Adam da irin jarrabawarsa, ta yawaita addu'a. Sannan na duba agogo na ce kada bas ta tafi ta bar ni. Ta raka ni har bakin titi, ta riƙe mini jaka.

Kwana goma sha wani abu na yi ina shiga aji ina koyar da yara bambancin gaskiya da ƙarya a darasin tarbiyya. Da aka yi hutu Balkisu ta koma gida, na hau mashin na tafi Kebbe. Na sa aka yi mini sallama da mahaifiyarta, na zauna a zaure, su suna daga ciki kusa da ƙofa, na faɗi abin da na rubuta a nan, ba tare da adon da na sa masa a nan ba. Na ce ba gadon komai a jininta sai na mutumin da ya rufa wa abokinsa asiri. Shakkar da take ji kuwa, duk wanda aka gaya wa tun yana ƙarami cewa ciwo na jiransa, zai riƙa jin motsinsa. Na ji mahaifiyar ta ja numfashi. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, har na tanadi amsoshi. Abin da Balkisu ta ce shi ne:

"Ashe iccen duka biyu nashi na."

Na ce, "Awo. Duka nashi ne."

Daga nan na wuce masallacin unguwar na jira la'asar. Dattijon da ya yi waccan magana ya rasu, amma akwai waɗanda suka ji ta. Bayan sallama na miƙe na faɗa musu. Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Malam, ka makara." Ban taɓa jin an yi wa aikina maki daidai kamar wannan ba.

Wanda ya yi ɓatanci a kasuwa ba ya gyara shi a ɗaka, shi ya sa na kawo zancen jarida. Duk wanda ya yi karatu da mu, duk wanda ya taɓa kiran sunan nan yana dariya, ya sani daga bakin wanda ya ƙirƙiro shi cewa ƙarya ne. Ɗaliban ƙungiya kuma, in suna gādon sunayen itatuwa, su gyara ɗaya.

Me ya rage na Ummaru? Bai bar littafi ba, bai bar gini ba, ko hoton kirki ba mu da shi, don a duk hotunan ƙungiya ni ne a tsakiya, shi yana gefe rabinsa a waje. Ya bar hanya mai inuwa da mutane ke bi ba su san shi ba, da dabara mai sauƙin da har an manta wani ne ya fara ta, da ɗiya da ta san ƙasa da iri. Ni na bar jawabai. In aka ɗora su a sikeli na san inda zai rinjaya, kuma ba na neman a sake awo. Allah Ya yi masa rahama, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa bayinSa hanya, Ya sa shi a sahun da muka hana shi.

Bana ban gayyaci baƙo ba. Mun dasa a ramukan nan dai, mun kewaye su da ƙaya, kowane aji da nasa, guda kuma na shugaban makaranta ne, a bakin hanya inda kowa ke wucewa. Da azahar nakan fito da butata in tsuguna. Gwiwa ba ta son abin, wando ma haka. Ɗalibai suna wucewa suna ƙunshe dariya, kuma maigadi ya gaya mini har sun raɗa mini suna. Ban tambaye shi ko mene ne ba. Kowane iri ne, ya fi wanda na raɗa gaskiya.